Damargu da Kujerun Majalisa, 1945 zuwa 2023

Ƙasar Damargu tana arewa da Damagaram, a kan tsohuwar hanyar ayari wadda ta taso daga Kano ta nufi Agadas. Babban garinta shi ne Tanut, wanda ke wajen kilomita 140 daga birnin Zinder. Tun shekarar 2011 aka raba ta gunduma biyu, watau Tanut da Belbeji, kuma a ƙidayar 2012 ta farkon tana da mutum sama da 400,000, ta biyun kuwa kusan 100,000. Mazaunanta sun haɗa da Hausawa, da Dagirawa waɗanda reshe ne na Barebari, da Abzinawa, da Fulani, da Larabawa kaɗan. Amma a kasuwa da bakin rijiya Hausa ce ke haɗa su. A da can ita ce rumbun geron Abzin, kamar yadda Stephen Baier ya nuna a littafinsa na 1980 a kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar. Wannan maƙala ba ta shafi gero ko ayari ba. Manufarta ita ce bin sawun ƙuri'ar mutumin Damargu tun daga ranar da aka fara neman ta, a ga inda ake kai ta a ƙirga, da waɗanda suka tsaya tsakaninta da kujerar majalisa, da kuma harshen da aka yi wannan al'amari da shi.

Kujera ɗaya a Paris

Majalisar ƙasa ta farko da aka nemi Nijar ta aika wakili cikinta ba a Yamai take ba, a Paris take. A watan Oktoba na 1945, da aka zo zaɓen majalisar tsara kundin mulkin Faransa, an ga Nijar ba ta isa a ba ta mazaɓa ita kaɗai ba, sai aka haɗa ta da Sudan ta Faransa, wadda ake kira Mali yanzu. Wanda ya ci kujerar ƴan ƙasa shi ne Fily Dabo Sissoko, malamin makaranta kuma basarake daga yankin Bafulabe. Tsakanin garinsu da Tanut akwai fiye da kilomita 2,000. Wannan shi ne wakilin Damargu na farko.

Shekarar 1946 ta zo da sauye-sauye waɗanda talaka ya ji a jikinsa. A watan Afrilu aka hana aikin tilas, a watan Mayu aka ce mutanen ƙasashen da Faransa ke mulka sun zama ƴan ƙasa, kuma a cikin watan nan ne aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai. A watan Nuwamba Nijar ta sami kujerarta ta kanta, Hamani Diori ya hau. A 1948 aka ƙara mata ta biyu, wadda Georges Condat, haifaffen Maraɗi, ya ci a ƙarƙashin UNIS, jam'iyyar da ta jingina da sarakuna kuma take ɗasawa da gwamnan Nasara. A 1951 UNIS ta kwashe duka biyun, Condat da Zodi Ikhia. A Janairun 1956 Diori ya dawo tare da Condat. Kujeru biyu ke nan cikin majalisa mai kujeru wajen 600, kuma cikin mutanen nan uku babu wanda ya fito daga Damargu.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai nazarin harshe shi ne sanin wanda aka yarda ya jefa ƙuri'a. Kafin 1956 ba kowa ba ne. Doka ta zayyana rukuni-rukuni: sarakuna da manyan gari, ma'aikatan gwamnati, tsoffin sojoji, ƴan kasuwa masu biyan kuɗin lasisi, masu takardar tuƙin mota ko ta riƙe bindiga. A 1947 aka ƙara waɗanda suka iya nuna suna karatu da Faransanci ko da Larabci. A 1951 aka shigo da masu gida waɗanda ke biyan lanho, da matan da suka haifi ƴaƴa biyu. Ashe ke nan iya karatu yana daga cikin ƙofofin farko na shiga rumfar zaɓe a ƙasar nan. Sai dai harsuna biyu dokar ta ambata, kuma babu Hausa a ciki. Malamin zaure da ke rubuta wasiƙa da ajami, idan ya shiga, da sunan Larabci ya shiga. A ƙasa kamar Damargu, inda lakwal ba ta yawaita ba amma makarantar allo ke ko'ina, wannan ƙofa ta fi ta Faransanci faɗi nesa ba kusa ba, ko da yake kwamandan da sarki ne ke riƙe da kundin rajistar.

Raƙumi da giwa

Dokar 23 ga Yuni 1956, wadda aka fi sani da sunan ministan da ya kawo ta, Gaston Defferre, ta ba kowane baligi, namiji da mace, ikon zaɓe, ta kuma soke bambancin akwatin Nasara da na ƴan ƙasa. Rana ɗaya aka wayi gari yawancin masu ƙuri'a manoma ne da makiyaya waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalamin boko ba. Dole jam'iyyu suka nemi hanyar da za a gane su ba tare da harafi ba. PPN, wadda reshe ce ta RDA, ta riƙe giwa. Jam'iyyar Djibo Bakary ta riƙe raƙumi, kuma ko da yake sunanta a takarda ya yi ta sauyawa, daga UDN zuwa MSA, jama'a ba su san ta da kome ba sai Sawaba. Wannan kalma, ƴar'uwar sauƙi, ita ce ta farko daga Hausa da ta zama sunan babbar jam'iyya a Nijar. Klaas van Walraven, wanda ya rubuta tarihin ƙungiyar a 2013, ya nuna cewa ƙashin bayanta ƙananan mutanen gari ne: direbobi da yaran mota, teloli, mahauta, ƴan tireda, ƙananan ma'aikata. Irin waɗannan mutane ne ke zirga-zirga a kan hanyar Zinder zuwa Agadas, kuma Damagaram na daga cikin wuraren da Sawaba ta fi kafuwa.

A zaɓen 31 ga Maris 1957 na majalisar yanki mai kujeru 60, ɓangaren Bakary ya sami 41, PPN ta sami 19. Amma wannan rinjaye ba na yaran mota ba ne kaɗai. Bakary ya ƙulla ƙawance da BNA, wadda sarakuna da yawa ke bayanta, kuma a karkara ƙuri'ar gari takan bi bakin mai gari. Wata goma sha takwas bayan haka aka ga abin da wannan ke nufi. Janar de Gaulle ya kira ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958; Sawaba ta ce a jefa "a'a" a karɓi ƴancin kai nan take, kamar yadda Gine ta yi. Faransa ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda ya zagaya ƙasa yana ganawa da sarakuna, sarakunan kuwa suka juya wa Bakary baya. "I" ta sami kashi 78 cikin ɗari. Wani adadi da ba a cika ambata ba shi ne na waɗanda suka fito: wajen kashi 37 cikin ɗari ne kawai na masu rajista. Watau cikin mutum uku, kusan biyu sun zauna gida ko suna gona, don lokacin girbin gero ne.

Zaɓen 14 ga Disamba 1958 shi ne ya haifi majalisar da ta kai Nijar ga ƴanci. Ƙawancen da PPN ke jagoranta ya sami kujeru 49, Sawaba ta sami 11 a mazaɓun Tasawa da Zinder. Ko waɗannan ma ba a bar mata ba, an soke su bisa zargin maguɗi. Ranar 18 ga Disamba majalisar ta ayyana Jamhuriya, Diori ya zama shugaban gwamnati, Boubou Hama ya zama shugaban majalisa. A watan Oktoba na 1959 aka haramta Sawaba. Mutanen gabas sun daɗe ba su manta da wannan ba, domin ya zo ne a kan wani tsohon miki, watau ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926.

Shekarun jeri ɗaya

Daga nan har shekara talatin da ƴan kai babu abin da za a kira takara. A 1965 da 1970 an yi zaɓen kujeru 50, amma jerin sunaye ɗaya ne, na PPN, wanda shugabannin jam'iyya suka tsara a Yamai, kuma sakamakon da aka bayyana bai yi nisa da ɗari bisa ɗari ba. Bayan farin 1973 da 1974, wanda ya karkashe dabbobin Damargu ya kori mutane kudu, Seyni Kountché ya kifar da gwamnati ranar 15 ga Afrilu 1974 ya rufe majalisa. Maimakonta sai aka raya samariya da ƙungiyoyin gama kai na manoma, aka ɗora majalisun shawara a kansu tun daga ƙauye har zuwa ƙasa. Sai a Disambar 1989, zamanin Ali Saibou, aka sake zaɓen ƴan majalisa, kujeru 93, shi ma jeri ɗaya ne, na MNSD.

Abin lura a nan shi ne, a cikin waɗannan shekaru ne aka yi mafi yawan aikin da ya shafi rubutun Hausa a Nijar. A 1963 aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci. A 1966 taron Bamako, wanda UNESCO ta kira, ya zauna a kan daidaita haruffan harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zinder. An koya wa manomi karanta awon gyaɗa a sikeli da lissafin bashin iri, kuma wannan ya yi masa amfani. Amma bai taɓa buƙatar karatun don ya bambanta ɗan takara da ɗan takara ba, tunda takarda ɗaya ake miƙa masa. Saboda haka darussan yaƙi da jahilci suka yi ƙarfi a fannin noma da lafiya, suka bar fannin zaɓe kusan fayau, kuma da siyasa ta dawo ba a tarar da daidaitattun kalmomi suna jira ba.

Babbar mazaɓa da ƙaramar ƙasa

Taron ƙasa na 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya dawo da jam'iyyu barkatai. Ranar 14 ga Fabrairu 1993 aka yi zaɓen kujeru 83: MNSD ta sami 29, CDS 22, PNDS 13, ANDP 11, ƙanana suka raba saura. A watan Maris Mahamane Ousmane, ɗan Zinder kuma shugaban CDS, ya ci shugabancin ƙasa, abin da mutanen jahar suka ɗauka tamkar an biya su wani tsohon bashi.

Tsarin da aka bi a wannan zaɓe ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne aka bi a 2011 da 2016 da 2020. Mazaɓa ita ce jaha ɗungurungum. Kowace jam'iyya tana kawo jerin sunaye na jahar, mai zaɓe yana zaɓar jam'iyya, sa'an nan a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu. Ƙuri'ar da aka jefa a Gangara ko Olelewa ko Tarka ana zuba ta ne cikin kwarya ɗaya da ta Magarya da Matamai da Mirya da birnin Zinder, inda jama'a suka fi cunkoso. A majalisa mai kujeru 171 da aka fara zaɓa a 2016, jahar Damagaram tana da 32 a wannan babbar mazaɓa. Idan aka bi ƙidayar 2012, wadda ta ba jahar mutum miliyan uku da rabi, rabon Damargu zai kama kusan kujeru 5. Amma doka ba ta ware mata ko ɗaya ba. Samun ɗan Damargu a majalisa ya danganta ne da yadda shugabannin jam'iyya suka raba gurabu tsakanin gundumomi, kuma wannan ciniki ne da ake yi a ɗaki, ba a rumfar zaɓe ba. Tsarin yana da alherinsa, domin yana hana babbar jam'iyya ta cinye kome, yana kuma ba ƙanana wurin tsugunawa. Illarsa ita ce manomin Falanko bai da wani mutum guda da zai nuna da yatsa ya ce wannan ne na aika.

Masu tsara dokar sun san da wannan matsala, amma ƙananan ƙabilu suka duba, ba ƙananan yankuna ba. Sun ware mazaɓu na musamman guda takwas masu kujera ɗai-ɗai, irin su Bilma, Ingurti, Tasara, Barmo da Bankilare. Wadda ke cikin jahar Damagaram ita ce Tasker, a arewacin Gure, kuma daga can ne Mohamed Bazoum ya fara shiga majalisa a 1993. Makiyayan arewacin Damargu, wajen Tenhiya, ba su shiga wannan lissafi ba. Haka nan ɗaga Belbeji zuwa matsayin gunduma a watan Agusta na 2011, lokacin da gundumomin ƙasa suka tashi daga 36 zuwa 63, ya kawo mata hukuma da ofisoshi amma bai kawo mata kujera ba.

Akwai kuma batun lokaci. Zaɓukan 1993, 2011, 2016 da 2020 duka sun faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu. A lokacin an gama girbi, hanya ta bushe, motar kayan zaɓe tana iya shiga ko'ina. Amma shi ne kuma lokacin da samarin Damargu ke tafiya cin rani Kano ko Agadas ko Libiya, makiyaya kuma suna bin rijiya da ciyawa nesa da inda aka rubuta sunansu. Da yawa ba su da takardar haihuwa, shi ya sa aka daɗe ana yarda mutum ya jefa ƙuri'a bisa shaidar mutum biyu, al'adar da ta jawo gardama mai zafi a 2016 kafin a kawo kati mai hoto da tambarin yatsa a zaɓen 2020.

Kai na Faransanci, wutsiya ta Hausa

Jam'iyyun da suka shiga takara bayan 1990 sun bi sawun Sawaba a wajen suna. Kowace tana da haruffan Faransanci a gaba da kalmar gida a baya, kuma mafi yawan kalmomin na Hausa ne: Nasara, Rahama, Tarayya, Zaman Lafiya, Alheri, Amana, Shamuwa, daga baya kuma Jama'a, Gaskiya, Jamhuriya, Kishin Ƙasa da Canji. Haruffan na kotu ne da jaridar gwamnati. Kalmar ita ce ake kira a dandali, ita ce mawaƙa ke sa wa kiɗa. Sai dai a duba yadda ake rubuta su a allunan talla: "Chamoua", "Tchanji", "Kiishin Kassa", "Nassara". Wannan rubutun Faransanci ne, ba wanda aka koya wa ɗalibin yaƙi da jahilci ba. Mutumin da ya yi wata shida yana koyon cewa sautin farko na shamuwa da "sh" ake rubuta shi, sai ya tarar da kalmar yarensa cikin rigar da bai sani ba, dole ya koma ga launi da hoto kamar wanda bai taɓa shiga aji ba. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma yana nuna cewa ƙa'idar rubutun Hausa ba ta fita daga aji ta shiga fagen hukuma ba.

Kalmomin aikin kansu sun taho ta hanyoyi uku. Wasu tsoffi ne da aka ba sabon aiki, kamar ƙuri'a, wadda asalinta ta rabon gado ce da raba gardama, da majalisa, wadda a da zaman fada ce. Wasu sun ƙetaro daga Najeriya ta rediyo, kamar mazaɓa da ɗan takara. Wasu kuwa aro ne daga Faransanci, kamar dafite. Har yanzu mai shela a Tanut da mai karanta labarai a Yamai ba lalle su kira abu ɗaya da suna ɗaya ba, musamman wajen jaha da gunduma da da'ira.

Kundin mulkin 2010 ya mai da karatu sharaɗin hawa kujera. Ya ce dole kashi 75 cikin ɗari na sunayen kowane jeri su kasance masu takardar BEPC ko makamanciyarta, marasa ita kada su wuce kashi 25. A Janairun 2011 majalisar tsarin mulki ta wucin gadi ta yi watsi da jerin sunaye masu yawa, zaɓen jahar Agadas kuwa sai da aka sake shi a watan Mayu. Hujjar masu sharaɗin a fili take: da Faransanci ake rubuta doka da kasafin kuɗi, kuma wanda bai karanta ba hannu kawai zai ɗaga. Amma a Damargu sharaɗin ya taƙaita gurbin manyan ƴan kasuwa da malamai da shugabannin makiyaya, waɗanda su ne jama'a ke saurara. Ya kuma ci karo da dokar kason mata ta shekarar 2000, wadda ta fara da kashi 10 cikin ɗari, ta koma 15 a 2014, ta kai 25 a 2019, alhali ƴan matan karkara ne suka fi barin lakwal da wuri. Dokar 1947 ta karɓi Larabci a matsayin karatu ga mai zaɓe. Ta 2010 ta nemi takardar makaranta ga wanda za a zaɓa, kuma shaidar gama ajin yaƙi da jahilci da Hausa ba ta kai wannan matsayi ba.

Zaɓen ƴan majalisa na ƙarshe shi ne na 27 ga Disamba 2020. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rushe wannan majalisa, kamar yadda na 1974 da 1996 da 1999 da 2010 suka rushe na gabanta. A watan Maris na 2025 aka ƙaddamar da sabon kundin sake gina ƙasa, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa, daga baya aka kafa majalisar shawara wadda naɗa mambobinta aka yi. Wannan kundi ne ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, shekara 24 bayan dokar 2001 wadda ta jera ta cikin harsunan ƙasa guda goma.